MAƘALAR MAKO: Muryar Jita a Cikinta Take, Ta Garaya Kuma Wa Zai Rubuta Mana?

  

A cikin gajerun labaran da aka turo mana kwanan nan, uku suna da makaɗi a ciki. Dukkansu ukun kusan jimla ɗaya suka yi amfani da ita: ya ɗauki garayarsa ya shiga kaɗa ta cikin gwaninta, sauti mai daɗi yana tashi. Shi ke nan, an wuce wajen. Ɗaya daga ciki ma har ya ba garayar tsirkiya shida, alhali garaya tsirkiya biyu gare ta. Ba mu kawo wannan don mu muzanta kowa ba, mu ma mun taɓa rubuta irinsa. Mun kawo shi ne don yana nuna wani giɓi da ke cikin rubutunmu gaba ɗaya: muna jin sauti, muna yaba shi, amma ba mu taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba, ko wane hannu ne ya gina shi. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, wannan tambaya aikin marubuci ce, kuma lokacin yin ta yana ƙure mana.

Bari mu fara da wani abu da ya faru a gabanmu a Gaya.

JITAR DA TA RASA MURYA

Wani ƙanenmu ɗalibi ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo jita 'yar gwanjo a Kano, irin ta katako wadda ba ta buƙatar lantarki. Duk tsawon damina muryarta garau. Da hunturu ya kankama sai ta fara wani zirr-zirr kamar ƙwaro ya shiga gora, katakon fuskarta kuma ya ɗan kumburo a bayan inda tsirkiyoyi suke ɗaure. Ya kai ta wurin wani kafinta, mutumin kirki, gwanin ƙofa da gado. Kafinta ya sassauta tsirkiyoyi, ya zura hannu ta ramin nan na tsakiya, ya lalubo wani siririn itace da ya ɓanɓaro daga jikin fuskar ta ciki. Da ya ga sirantarsa sai ya yanke hukuncin cewa wanda ya ƙera jitar rowar katako ya yi. Ya cire shi, ya yanko ɓallin katako mai kauri, ya shafe shi da gam, ya manna a wurin.

Ƙarar ƙwaron ta tafi, kumburin ya kwanta. Amma muryar ma ta tafi. Ko ya aka kaɗa ta, sai ka ji kamar mai magana da bargo a baki. Garin neman gira an rasa ido.

Ba mu ga laifin kafinta ba. Ilimin ƙofa ya yi aiki da shi, a wajen ƙofa kuwa duk abin da ya fi kauri ya fi. Abin da ya dame mu shi ne, da shi ko yaron sun nemi shafi ɗaya da Hausa wanda zai gaya musu mene ne wannan siririn itace, da wuya su samu.

AZARAR DA BA A GANI

Ga yadda abin yake. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Ku ɗaure waya tsakanin ƙusa biyu a jikin bango ku kaɗa, da ƙyar za ku ji, domin ta yi siranta da yawa ba za ta iya tura iska ba. Sai an ɗora ta a kan abu mai faɗi kuma marar nauyi, wanda zai karɓi karkarwarta ya watsa wa iska. A jita wannan abu shi ne katakon fuska. Tsirkiya tana miƙa karkarwa ga jaki, wato ɗan itacen da take hawa kansa, jaki ya miƙa wa fuska, fuska ta motsa iskar waje da ta cikin akwati, iskar ciki kuma ta riƙa shiga da fita ta ramin tsakiya tana ƙara wa sautin kauri.

To a nan matsalar take. Don fuska ta motsa sosai dole ta zama siririya. Masu ƙera jita sukan fafe ta har kaurinta ya dawo milimita 3 ko ƙasa da haka, bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba. Su kuma tsirkiyoyin ƙarfe shida, idan aka ɗaure su daidai, suna jan jaki da ƙarfin da ya kai kilo 70 ko fiye. Ku ƙiyasta buhun siminti ɗaya da kusan rabi yana jan wannan ɗan falle dare da rana, shekara da shekaru. Idan aka bar shi haka zai lanƙwashe ya tsage. Idan aka ƙara masa kauri zai jure, amma ya zama kurma.

Maganin da aka samo shi ne irin wanda maginanmu suka daɗe da sani. Duk wanda ya taɓa kwanciya a soron ƙasa ya ɗaga kai ya san rufin ba shi ke riƙe da kansa ba. Azarar giginya ce a ƙarƙashi, an jera ta da lissafi, wata a miƙe, wata a karkace ta yanki kusurwa, ta yadda itace kaɗan zai ɗauki ƙasa mai yawa. Haka ake manna 'yan siraran itatuwa a bayan fuskar jita. Mu kira su azara, domin aikinsu ɗaya. Bambancin kawai, magini yana son rufi ya tsaya cik, shi kuwa mai jita yana son nasa rufin ya tsaya kuma ya yi rawa a lokaci guda. Inda ya sa azara, wurin ya yi tauri. Inda ya bari fili, wurin ya sami sukunin motsi. Saboda haka tsarin jeren azara shi ke zaɓar wane sauti ne zai fito da ƙarfi, wane ne zai danne, da kuma tsawon lokacin da sauti zai ɗauka kafin ya mutu.

Hunturun da ya kama jitar ƙanenmu ma yana da bayani. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A ƙasar Kano kuwa, da tsakar hunturu yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe ya tsuke, gam ya saki, azara ta ɓanɓare tana karkarwa a jikin fuska, jan tsirkiya kuma ya ɗago wurin da ya rasa matallafi. Gyaran duka bai wuce a mayar da siririyar azarar nan mazauninta da gam kaɗan a matse ta ba.

JERE HUƊU, MURYA HUƊU

Jere mafi sauƙi shi ne na tsani: azara uku ko huɗu a gicciye, ɗaya bayan ɗaya kamar matakala. Yana da sauƙin yi, shi ya sa aka cika samunsa a jitoci masu araha na farkon ƙarni na 20 a Amurka. Muryarsa busasshiya ce, tana fita da sauri ta mutu da sauri, tsakiyar sauti ta fi ƙarfi. Da yawa daga mawaƙan bulus, baƙar fatar kudancin Amurka, da irin waɗannan jitoci suka yi faifansu don su suka iya saya, har kunne ya saba, yau wasu na neman wannan murya da gangan. Aibinsa shi ne bai cika jure jan ƙarfe ba, fuska takan kumbura da daɗewa.

Na biyu jeren mafici ne, wanda sunan Antonio de Torres ya manne da shi. An haife shi a 1817 kusa da Almeriya a kudancin Sifaniya, ya rasu a 1892. Kafinta ne tun asali, ya yi aiki a Ishbiliya, birnin nan na Andalus da ɗaliban tarihin Musulunci suka sani. Ba shi ya ƙago jeren ba, amma shi ya daidaita shi: ya faɗaɗa jikin jita, ya sirantar da fuska, ya jera azara, galibi bakwai, suna buɗewa daga wajen rami zuwa ƙasa kamar haƙarƙarin maficin kaba. Wannan jere ya dace da tsirkiya mai laushi, ta hanji a da, ta roba a yanzu, wadda janta bai wuce kimanin kilo 40 ba. Muryarsa mai ɗumi ce, tana amsa ko ɗan taɓin yatsa. A 1862 Torres ya ƙera wata jita da ya yi bayanta da gefunanta da kwali, fuskar kaɗai ya yi da katako mai kyau, don ya nuna cewa murya a fuska take. Jitar tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. A 2018 masu bincike a Jami'ar Lankasta ta Ingila sun buga sakamakon wani gwaji da jita shida masu ƙira ɗaya, katakon baya da gefe ne kawai ya bambanta, suka tarar makaɗa ba sa iya rarrabe su sosai idan ba sa ganin wadda suke riƙe da ita. Maganar tsohon kafinta ta tsaya.

Na uku jeren gicciye ne. Christian Frederick Martin, Bajamushe, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1833, daga baya ya zauna a garin Nazarat na jihar Fensilbaniya inda kamfanin Martin yake har yau. A shekarun 1840 ya fara amfani da manyan azara biyu da suka gitta juna tsakanin rami da jaki, ƙafafunsu suka bi ta ƙarƙashin gefunan jaki. A lokacin tsirkiyar hanji ake amfani da ita, ƙarfin jeren ya ma fi buƙata. Sai a shekarun 1920 da tsirkiyar ƙarfe ta yi kasuwa aka ga amfaninsa: yana raba nauyi zuwa kusurwa huɗu, ya bar fili a bayan jaki don kaurin murya. Yawancin jitocin ƙarfe da ke duniya yau wannan jere ne a cikinsu.

A nan akwai wani ɗan tarihi da ya kamata kafintanmu ya ji. Ma'aikatan Martin sun kasance suna fafe tsakiyar azarar nan, su rage mata nama ta yi kwari kamar sirdi, don fuska ta ƙara sakewa. A 1944 kamfanin ya daina fafewar, saboda makaɗa suna ɗaura tsirkiyoyi masu kauri suna kumbura jitoci. Jitocin suka ƙara ƙarfi, amma masu kunne suka yi ta cewa na da sun fi murya, har kamfanin ya dawo da fafewar a wani samfurinsa a 1976. Duk wannan ja-in-ja na shekara talatin da biyu a kan ɗan naman itacen da bai cika tafin hannu ba ne.

Na huɗu jeren raga ne, wanda Greg Smallman na Ostareliya ya shahara da shi. Ya saƙa azara kamar ragar kamun kifi da wani itace marar nauyi haɗe da zaren kabon, ya sirantar da fuska fiye da yadda aka saba. Jitarsa tana da ƙarar da ke cika babban zaure, shahararren makaɗi John Williams ya rungume ta. Wasu kuma suka ce an sami ƙara an rasa zaƙin jitar Sifaniya. Har yanzu ba a daina gwaji ba, a 2018 kamfanin Taylor ya fito da nasa sabon jeren mai kama da bakin almakashi a buɗe.

Kada a ɗauka jere kaɗai ne magana. Jita biyu masu jere ɗaya sukan bambanta, domin babu katako biyu da suke ɗaya. Shi ya sa mai ƙera ta hannu yakan riƙe fuskar da yatsa biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ɗan fafe azara, ya sake ƙwanƙwasawa, har sai katakon ya amsa masa yadda yake so. Abin da injin masana'anta ba ya yi ke nan.

MU DAWO GIDA

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Torres da Martin? Ruwanmu shi ne, duk abin da muka zayyano a sama mun iya faɗarsa da suna da shekara ne saboda wani ya zauna ya rubuta. Wani maƙerin jita mai suna José Romanillos ya bi jitocin Torres ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, ya fitar da littafi a kansa a 1987. Mu kuma muna da masu irin wannan ilimi a ƙofar gidanmu, babu wanda ya auna musu komai.

Kayan kiɗanmu masu tsirkiya ba su da fuskar katako, fata gare su. Amma matsalar da mai garaya yake warwarewa ita ce ta Torres: yaya za a sa abu siriri ya ɗauki jan tsirkiya kuma ya yi rawa? Fata ba a manna mata azara. Ƙarfinta daga ɗaurinta yake zuwa, gwargwadon yadda aka ja ta tana ɗanya aka kafe ta a bakin ƙoƙo ko akushin itace. A garaya, sandar wuya tana bi ta cikin tsagar da aka yi wa fata, ta ratsa ƙarƙashinta, ta tsaya a wani rami kusa da gindi. Sandar nan ita ce azararta guda ɗaya, fata na riƙe da sanda, sanda na tallafe da fata. A gurmi da goge kuwa sanda tana ratsa ƙwarya ne, jaki ya zauna kai tsaye a kan fatar guza ko damo, fatar ita ke ɗauke da shi. Matsar da jakin nan da faɗin yatsa ɗaya, zuwa tsakiya ko zuwa baki, yana sauya muryar kayan. Girman ƙoƙo, kaurin fata, ɓangaren jikin dabbar da aka yanko ta, faɗin ramin da aka huda, ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake cusawa a kan sanda don ya riƙa ƙara amo, kowanne shawara ce da wani mutum ya yanke da kunnensa.

Ku tuna kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal. Ƙaramin ciki da matsattsiyar fata su suka ba shi wannan siririyar murya mai kaifi wadda ba ta danne maganar mawaƙi. Ku kwatanta da gurmin Haruna Uji na Haɗejiya, ko kukumar Garba Supa. Mun haddace waƙoƙinsu, amma a cikinmu wa zai iya faɗin wanda ya ɗaura wa ɗayansu fata?

A wani ƙauye na ƙasar Ajingi mun zauna da wani dattijo da ya yi wa maharba kiɗan garaya a ƙuruciyarsa, kuma shi ke haɗa abarsa da hannunsa. Muna kallo ya ɗauko wata tsohuwa daga rataye, ya kai ta kunne, ya ɗan ƙwanƙwasa fatar da farce, ya danna ta da babban yatsa a wuri uku, ya girgiza kai, ya ajiye ta a rana. Bayan mun sha ruwa mun gaisa sosai ya sake ɗaukowa, ya ƙwanƙwasa, sannan ya yarda ya kaɗa. Ya bayyana mana cewa da damina fata takan sha danshi ta saki, murya ta yi nauyi, sai an shanya ta ko an kanga ta kusa da wuta. Da hunturu kuma takan ɗaure ta yi kaifi, wadda aka ja fiye da kima ma takan yage. Wato iskar da ta kashe muryar jitar ƙanenmu ita ke wasa muryar garaya. Ya ce a da fatar gada ake nema, yanzu sai ta akuya, kuma kunnensa yana jin bambancin. Abin da yake yi da farcensa shi ne abin da maƙerin jita yake yi da yatsunsa a Sifaniya, ba tare da ɗaya ya taɓa jin labarin ɗaya ba.

Da muka tambaye shi wa ya koya wa, sai ya yi dariya. 'Ya'yansa suna Kano, ɗaya yana jan Adaidaita Sahu, ɗaya yana gyaran waya. A bukukuwa yanzu fiyano da lasifika ake ɗaukowa.

Abin ya fi yi mana ciwo da yake ƙasar Gaya ce. Maƙeran Kano da ake kira Abagayawa suna riƙe da tarihin cewa kakansu, wani maƙeri mai suna Kano, daga Gaya ya taso neman tama har ya sauka a gindin Dala. Ƙasar da ake danganta sunan birni guda da mai sana'ar hannunta, bai kamata a ce ilimin hannun dattawanta yana bin su kabari ba, alhali daga Kademi zuwa Balare babu ƙauyen da ba shi da matashi mai waya a hannu yana kiran kansa marubuci.

ABIN DA ZA A CE MANA

Mun san za a yi mana ƙorafi, gara mu tare shi tun yanzu.

Na farko, maganar addini. Malamai sun yi bayani a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, garaya kuma an san alaƙarta da bori bayan ta farauta. Wannan zaure ba na fatawa ba ne, kowa ya bi malaminsa, kuma ba mu ce wa kowa ya koyi kiɗa ba. Abin da muka ce shi ne, mun riga muna sa makaɗa a labaranmu. In za mu sa su, mu faɗi gaskiya a kansu. Wanda ya ga zuciyarsa ba ta natsu ba, ga masassaƙin turmi, ga majemi, ga maginin soro, darasin ɗaya ne. Ilimin fata da ƙwarya da itace na dukawa ne da masassaƙa da mafasa ƙwarya tun kafin ya zama na makaɗa.

Na biyu, za a ce an riga an yi rubutu a kan kiɗan Hausa. Gaskiya ne, kuma muna jinjina. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, da Turanci. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi aiki mai yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Amma nazarin da aka fi yi a makarantunmu na waƙar ce: turke, salo, zubi da tsari, tarihin mawaƙi. Mutumin da ya zaɓo ƙwaryar ya jeme fatar yakan tsaya a bayan fage. Wannan giɓi ba sai mai digiri zai cike shi ba. Mai kunne da haƙurin zama a tabarma ya isa.

Na uku shi ne mafi nauyi: za a ce irin wannan ilimi ba ya rubutuwa, a hannu yake. Akwai gaskiya a ciki. Wani limamin coci da ya zauna da Torres a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta a wata wasiƙa cewa an taɓa roƙonsa ya bar wa na baya sirrinsa, sai ya nuna cewa ba zai yiwu ba, domin sirrin yana kan yatsunsa biyu, babba da manuni, su ke gaya masa ko katako ya kai. To amma ku lura, wannan maganar ma da ba a rubuta ta ba da ba mu ji ta ba. Rubutu ba zai ba wa yaro yatsun dattijon Ajingi ba. Zai dai gaya masa cewa akwai abin da ake nema da yatsa, a wuri kaza ake dannawa, fata kaza ake zaɓa, a wata kaza ake ɗaurawa. Wanda ya zo bayan shekara hamsin yana son ya farfaɗo da sana'ar zai fara daga rabin hanya.

Na huɗu, za a ce mai karatu labari yake so, ba darasin sassaƙa ba. Mu gwada mu gani. Ga jimlar farko: ya ɗauki garayarsa ya kaɗa cikin gwaninta. Ga ta biyu: ya ƙwanƙwasa fatar ya ji ta saki, ya san ruwa na kusa, ya matsa bakin murhu yana juya ta a hankali, maharba na jiransa a waje. Wacce ta sa kuka ga mutumin? A ta biyun mun san damina ce, mun san ya daɗe a sana'ar, mun san akwai masu jira, kuma ba a ce mana gwani ne ba, mun gani da idonmu. Ba a samun irin wannan jimla a ɗaki. Sai an je an zauna.

AIKIN WANNAN MAKO

Don haka ga abin da muke roƙo. Kowa ya nemi mutum ɗaya a garinsu da ke haɗa garaya, gurmi, goge, kukuma, molo ko kuntigi, ko wanda ya taɓa haɗawa. In babu, a nemi mai ɗaura fatar kalangu ko ganga. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Agadas, ku kuna da ƙarin dama, domin jita ta zauna a ƙasarku. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma akwai masu gyaran jita a garuruwanku da ya kamata a ji yadda suke fama da zafi da bushewar iska.

A je da ladabi. A yi sallama, a gaisa, a riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, domin lokacinsa za a ci. A kira shi Baba ko Malam yadda ya dace. Kada a ɗauki hoto ko murya sai da izininsa, kada a sa sunansa sai ya yarda, abin da ya ce sirri ne a bar masa. Mata marubuta, a tafi da muharrami ko a nemi tsofaffin mata masu kiɗan ƙwarya da shantu, su ma sun san wace ƙwarya ce ke da murya da wadda ba ta da ita.

A tambaye shi sunan kowane ɓangare na kayan da bakinsa, a rubuta yadda ya faɗa ko da ya saɓa da na littafi, domin sunan da ake kira a Gaya ba lallai ya zama na Sakkwato ba. A tambaye shi yadda yake gane fata ta ɗauru. A tambaye shi wace irin ɓarna ya taɓa yi yana koyo, a nan ne labari yake ɓuya. A tambaye shi me ya sauya tsakanin kayan da ya gada da na yau. A ƙarshe a tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan, har inda zai iya tunawa.

A rubuto kalma ɗari biyar zuwa dubu, a ajiye a ƙarƙashin wannan maƙala kafin Juma'a mai zuwa. Sharaɗi ɗaya ne: kalmar "daɗi" ba za ta fito ba ko sau ɗaya. A nemo wata hanyar gaya mana yadda sautin yake.

Jitar ƙanenmu tana nan rataye a ɗakinsa a Gaya, ɓallin katakon yana cikinta. Mun yi masa alkawarin za mu koma wurin kafintan tare, mu karanta masa sashen azara na wannan rubutu, mu ga ko zai yarda ya ɓanɓare ɓallin ya sassaƙa siririya a madadinsa. Yadda ta kaya za ku ji.

Wanda ya ga kuskure a abin da muka faɗa, musamman 'yan gidan makaɗa da ke cikinmu, ya gyara mana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ƙara mana basira, ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.